Hayaniyar Safe da Ɗawainiyar Makaranta: Ina Mafita Ga Uwargida?

  An koma makaranta, gidaje sun koma halin da muka saba. A duk gidan da ke da yara uku ko huɗu ko biyar masu zuwa makaranta, daga kiran assalatu zuwa ƙarfe 7:30 na safe ba a jin maganar kowa sai ta uwa. Wannan bai ga safarsa ɗaya ba, wancan ya tuna yanzu-yanzu cewa an ba su aikin gida, ƙaramar ta ƙi yarda a taje mata kai, auta ya kifar da kofin koko a kan yunifom ɗin da aka goge jiya da dutsen gawayi saboda babu wuta. Na goye yana kuka, ruwan wanka bai yi zafi ba, mai A Daidaita Sahu kuma yana ta danna oda a ƙofar gida. Kafin a ce an watse, uwa ta yi magana sau ɗari, ta yi tsawa sau goma, ita kanta ko ruwa ba ta sa a bakinta ba.

Da yawanmu mun ɗauki wannan a matsayin abin da ba makawa, wai haka rainon yara yake. Wasu kuma suna ɗora laifin a kan uwa, a ce ba ta da tsari, ko a kan yaran, a ce ba sa ji. A matsayina na uwa kuma malamar Islamiyya, abin da nake gani a aji kullum ya nuna mini cewa tushen matsalar ya wuce nan. Mun ɗora wa yinin yaro abin da awoyinsa ba za su iya ɗauka ba, sannan muka bar mutum ɗaya, wato uwa, da ɗawainiyar cike giɓin. Idan abin ya fi ƙarfinta, sai a ci bashi daga wurare uku: barcin yaro, karatun babbar 'ya, da kuma harshen ita uwar. A kan waɗannan nake so mu tsaya.

Makon da babu ranar hutu

Mu fara da lissafin mako. Makarantar boko tana ci daga Litinin zuwa Juma'a. Islamiyya kuwa, a mafi yawan garuruwanmu, ta gaji tsarin makarantar allo, ana karatu daga Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a. To ki haɗa su biyun ki gani, 'yar uwa. Ranakun da boko ta ba yaro hutu, Islamiyya na jiran sa, sau da yawa ma safe da yamma. Ranakun da Islamiyya ta sallame shi kuma yana boko. Ke nan yaron da ke zuwa duka biyun ba shi da yini ɗaya cikakke a mako da zai tashi ba tare da an ce ya yi sauri ba. Ma'aikacin gwamnati yana da Asabar da Lahadi, ɗan kasuwa yakan rufe shago ya je Juma'a ya huta, amma ɗan shekara bakwai ba shi da wannan gata. Uwar da ke shirya shi ma haka.

Sai mu duba yinin kansa. Yaro ya fita ƙarfe 7:00 ko 7:30, ya dawo tsakanin 1:00 da 2:00 na rana, ko ma bayan haka idan makarantarsu tana tsayar da su lesin. Ya cire yunifom ɗin boko, ya ci abinci a tsaitsaye, ya yi salla, ya saka na Islamiyya, ƙarfe 4:00 yana aji har zuwa dab da Magariba. A wasu unguwannin akwai makarantar dare tsakanin Magariba da Isha. Bayan Isha ne za a buɗe jaka a fara aikin gida na boko, ga kuma haddar da malam zai karɓa gobe.

Ba ina cewa a bar ɗaya ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Karatun addini kuwa ba sai an gaya wa uwa Musulma matsayinsa ba. Dukkansu muna so, kuma 'ya'yanmu suna bukata. Abin da nake cewa shi ne, makarantun biyu kowacce ta tsara lokacinta kamar ita kaɗai ce take da yaron, kuma a tsakar gidanmu ne suke yin karo.

Bashi na farko: barcin yaro

A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'aunin da likitocin yara da dama suke amfani da shi. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini, har da na rana. Ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma yana bukatar awa 9 zuwa 12. Mu ɗauki mafi ƙaranci, awa tara. Idan za a tashi yaro ƙarfe 5:30 na asuba, to lallai ƙarfe 8:30 na dare ta same shi yana barci. A gidajenmu nawa ake samun haka? A lokacin ne ma ake sauke tuwo a wasu gidajen. Idan aka kawo wuta ƙarfe tara, sai kowa ya wartsake, a kunna talabijin, a jona guga, yara su zauna kallo har goma da rabi. Yaron da ya kwanta 10:30 ya tashi 5:30 ya yi barcin awa bakwai ne kacal. Kullum ana bin sa awa biyu, a mako awa 14, kuma babu ranar biya tunda babu ranar hutu.

Mu malaman yamma mu ne muke ganin sakamakon. Da ƙarfe biyar ta yi, za ki ga kawuna sun fara sunkuyawa a kan Alƙur'ani. Yarinyar da ta iya surarta jiya, yau ta kasa haɗa aya biyu. Yaron da ba shi da faɗa sai ki ga ya make na kusa da shi a kan abin da bai kai ya kawo ba. A kwalejin ilimi an koya mana cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi, kuma hadda ta fi komai nuna gaskiyar wannan. Sau da yawa uwa takan zo ta ce, "Malama, yaron nan ba shi da ƙwaƙwalwa, ki riƙa zane shi." Idan na tambaye ta ƙarfe nawa yake kwanciya, a nan ake gano bakin zaren. Bulala ba ta maganin barci.

Kuma rashin barcin nan shi ne rabin hayaniyar safe. Yaron da bai ƙoshi da barci ba sai an tashe shi sau uku, ya zauna a bakin banɗaki yana gyangyaɗi, ya ƙi cin abinci domin cikinsa bai buɗe ba, ya fita da yunwa, kuɗin taran da aka ba shi ya ƙare a alawa da cingam.

Bashi na biyu: babbar 'ya

Wannan shi ne wanda ya fi taɓa mini zuciya. A kusan kowane aji akwai yarinya 'yar shekara 9 zuwa 12 wadda kullum a makare take zuwa, riƙe da hannun ƙanne biyu, wani lokacin da goyo a baya. Ita ta yi wanke-wanken rana, ita ta yi wa ƙannen wanka, ita ta nemo takalmansu. Da ta iso ƙofar makaranta ita ce mai shan dukan makara, ƙannen kuwa a ce su wuce, ai yara ne. A aji tana karatu kunnenta yana ajin ƙasa, da ƙaninta ya yi kuka za a aiko a kira Yaya. Da safe ma haka abin yake a makarantar boko. Ƙarshen zango sai sakamakonta ya fito ƙasa, a gida a ce ta cika wasa.

Babu mai musun cewa koya wa 'ya mace aikin gida tarbiyya ce, mu ma haka aka yi mana kuma mun ci moriya. Amma akwai bambanci tsakanin yarinya ta taimaka da kuma a mayar da ita uwa ta biyu alhali ita ma tana bukatar uwa. Abin da ke ƙara ciwo shi ne, a gida ɗaya za ki tarar da namiji sa'anta ko ma wanda ya girme ta, ya dawo makaranta ya jefar da jaka ya tafi ƙwallo, ba mai ce masa ya ɗauke ko kwanon da ya ci abinci. Ita tana biyan bashin hayaniyar gida da karatunta, shi kuma yana tasowa da tunanin cewa aikin gida ba nasa ba ne. Nan gaba matarsa ce za ta gaji safiya irin ta uwarsa.

Ki gwada wannan, uwargida. Ki zauna ki ƙirga awoyin da babbar 'yarki take samu ita kaɗai da littafinta a yini, ba goyo, ba aike. Idan ba su kai awa ɗaya ba, to gyara ya zama dole, ko da kuwa za a bar kwanuka su kwana ba a wanke ba.

Bashi na uku: harshen uwa

Idan gajiya ta haɗu da gaggawa, baki ne yake fara kuɓucewa. Kalmomin da ake jefa wa yara tsakanin ƙarfe shida da bakwai na safe, da za a naɗe su a sake kunna wa iyaye da rana, da yawa za su yi kuka. Mu Hausawa mun san nauyin bakin uwa. Kuma ya tabbata a hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum yin mummunar addu'a ga kansa ko 'ya'yansa ko dukiyarsa, don kada ta dace da lokacin karɓa. Anas bin Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, kuma ya ba da labarin cewa bai taɓa yi masa tsawa ba a kan abin da ya yi ko wanda ya bari.

Yaron da aka rako da zagi har ƙofar gida, da shi yake shiga aji. Ana gane shi, ko dai ya yi tsit duk yini, ko ya huce a kan 'yan uwansa. Safar da ta ɓata za a iya sayen wata, amma kalmar da ta zauna a zuciyar yaro ba a san ranar fitarta ba. Ko me aka yi da safe, ki yi ƙoƙari kalmarki ta ƙarshe kafin ya fita ta zama addu'a: Allah Ya tsare, Allah Ya ba da sa'a, Allah Ya yi albarka.

Kowane zango da nasa

Shekarar karatu zango uku ce, kuma kowanne da irin jarrabawarsa. Zangon farko yana farawa a watan Satumba, ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa. Yaro ɗaya ya kwanta, tsarin gida duka ya rushe. A nan gidan sauro ya fi komai sauƙi da arha. Akwai kuma maganin rigakafin zazzaɓi na damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012. Idan masu rabawa sun zo, a karɓa, a kuma cika kwanaki ukun. Idan jikin yaro ya yi zafi, a yi gwaji kafin a ba da magani.

Zango na biyu yana farawa a Janairu, tsakiyar hunturu. Wankan asuba ya zama yaƙi, ga mura da tari da kaushi. Haɗarin da ya fi yawa a wannan lokaci shi ne tafasasshen ruwan wanka da ake ajiyewa a tsakar gida cikin duhu, yara suna kai-kawo. A riƙa zuba ruwan sanyi a bokiti tukuna sannan a kawo na zafi. Idan tsautsayi ya faru, a sa wurin ƙunar a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa ƙwai ko man goge baki ko manja, sannan a tafi asibiti. Ƙarshen zangon kuma zafi ya shigo da ƙyanda da sanƙarau, sai a duba katin rigakafi. A 'yan shekarun nan azumi ma a wannan zango yake faɗowa, har a 2025 jihohin Kano, Katsina, Bauchi da Kebbi suka rufe makarantu a watan Ramadan.

Zango na uku kuwa na ruwan sama ne da taɓo da yunifom ɗin da ya ƙi bushewa, ga jarrabawar canjin aji.

Sai batun hanya. Tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, A Daidaita Sahu ya zama motar makaranta. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ta kai wajen naira 1,000. Gidaje da yawa sun koma haɗa kuɗi da maƙwabta, a cusa yara takwas ko goma a keke ɗaya, ko kuma yara su taka da ƙafa. Duka biyun suna nufin a fita da wuri, wato a ƙara gutsurar barci. Wannan ya sa duk mai zaɓen makaranta ya kamata ya sa kusanci a cikin lissafi. Makaranta mai matsakaicin kyau da ke bayan layi ta fi mai suna da ke wancan gefen gari, musamman ga yaron da bai wuce aji uku ba.

Ina maigida?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun san maza suna fama da kuɗin makaranta da na littattafai da na cefane, Allah Ya saka musu da alheri. Amma an tambayi Nana A'isha (RA) me Annabi (SAW) yake yi a cikin gida, ta bayyana cewa yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Wannan yana cikin Sahihul Buhari. Maigida idan ya dawo daga masallacin Asuba, maimakon ya koma kan gado, zai iya zama da yara maza minti 15 ya saurari haddarsu, ya tabbatar sun yi wanka. Wannan kaɗai ya rage wa uwa kashi ɗaya cikin uku na safiyarta, kuma yaro yakan ji maganar uba sau ɗaya. Ki nemi wannan taimakon da lafazi mai daɗi, a lokacin da hankali yake kwance, ki kuma faɗi takamaiman abin da kike so. "Abban yara, don Allah ka riƙa karɓar musu hadda bayan Asuba" ta fi "ni kaɗai nake wahala a gidan nan" saurin shiga kunne.

Abin da za a iya yi daga yau

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, amma safiyar makaranta tun daga dare ake kama ta. Ga kaɗan daga abin da na ga ya yi wa iyaye da dama amfani:

Na ɗaya, a matso da abincin dare. Idan yara sun ci tsakanin Magariba da Isha, kwanciya ƙarfe 8:30 ko 9:00 za ta yiwu. Ba dole ne su jira dawowar maigida ba.

Na biyu, kowane yaro ya samu ƙusarsa a bango ko kwandonsa. Kafin ya kwanta, jaka da yunifom da hijabi da safa da takalmi su hallara a wurin. Ɗan shekara biyar zai iya wannan idan an koya masa. A duba jaka da dawowa daga boko, kada a bari sai da safe.

Na uku, a raba aiki bisa shekaru, ba bisa mace ko namiji ba. Ɗan shekara takwas zai iya wanke safarsa, ya cika gorunan ruwa, ya share ɗaki. A rubuta a manna a bango don a huta da gardamar wa zai yi.

Na huɗu, karin kumallo ya zama mai sauƙi. Ɗumamen tuwo, kunun gyaɗa ko koko da aka dama aka zuba a filas, dafaffen ƙwai ko dankali, duk sun fi a tsaya suya ƙarfe shida da rabi.

Na biyar, a lokacin hunturu ƙananan yara su yi wanka da yamma, da safe a wanke fuska da hannu da ƙafa a shafa mai. Kitso kuma a yi shi ranar Alhamis ko Juma'a da yamma, wanda zai kai mako biyu.

Na shida, ɗan shekara uku ko huɗu ba ya bukatar makaranta biyu da lesin. Ɗaya ta ishe shi, sauran lokacin ya yi barcin rana da wasa. Yammacin Alhamis da na Juma'a kuma a bar wa yara su huta, kada a cike su da wani lesin.

Kira ga 'yan uwana malamai

Mu ma muna da namu kason. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, idan ya ji kukan yaro sai ya taƙaita don tausaya wa uwarsa. Idan an sassauta salla saboda uwa, me zai hana a sassauta aikin gida? Malamin boko ya tuna cewa yaron nan yana da Islamiyya, shafi uku na lissafi ga ɗan aji biyu ba ilimi yake ƙarawa ba, uwa ce za ta yi shi da dare da fitilar waya. Malamin Islamiyya kuma ya rage yawan hadda a makon jarrabawar boko, aya uku da suka zauna sun fi goma da za su zube. Kafin a daki yarinyar da ta makara, a tambaye ta me ya tsayar da ita. Iyaye kuma su riƙa zuwa taron iyaye da malamai su faɗi waɗannan abubuwa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga ƙarshe, 'yar uwa, ki sani gajiyar nan ba a kanki aka fara ba. Nana Faɗima (RA), 'yar Manzon Allah, niƙa ya yi wa hannunta kanta har ta je neman mai taimaka mata. Mahaifinta ya koya mata ita da mijinta Sayyidina Ali su riƙa yin tasbihi 33, tahmidi 33 da kabbara 34 idan za su kwanta. Ki riƙe wannan, ki haɗa da tsari da neman taimako, ki kuma kwanta da wuri ke ma, domin uwar da ba ta yi barci ba ba ta da haƙurin da za ta raba wa yara biyar. Gidan da ke da ƙananan yara ba zai taɓa yin shiru ba, kuma ba shiru muke nema ba. Muna so ne yaro ya fita ya ƙoshi da barci, cikinsa da abinci, kunnensa da albarka, babbar 'ya kuma ta samu damar zama ɗaliba kamar kowa.

Allah Ya raya mana zuri'a bisa tafarkin Musulunci, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa wahalar da muke sha ta zama nauyi a mizaninmu.